Iskar da Aka Raba Biyu

Yaya Nas,

Ranar da na koma asibiti karɓo kayan Baba, ranar na gane abin da aka yi masa. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin maza da ledar kayansa a hannu, sai idona ya faɗa kan injin iskar nan da aka sa masa. An mayar da shi can tsakanin wasu gadaje. Tiyo ɗaya ne ya fito daga jikin injin, sai ya rabu kamar gwafa, wannan reshe ya tafi hancin wani, wancan ya tafi hancin wani. Mutum biyu a kan inji ɗaya. Na zauna a bencin masu jinya. Na tuna ranar ƙarshe na ga wani tiyo ya bi ta ƙasan labule daga gadon Baba zuwa gadon kusa da shi, na kalle shi da idona, na ɗauka ba komai ba ne.

Ki yi haƙuri, na fara ban ko gaishe ki ba. Yaya aiki, yaya yara? Yaya ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe a tsaye? Mu dai ga mu nan. Gwaggo ba ta cin abinci sai an zauna a kanta, tun da aka fita da ƙaninta take zaune wuri ɗaya. Na gode da kiran ta'aziyya. A waya ba na iya magana, da na buɗe baki kuka ke riga ni, kuma duk inda na tsaya a gidan nan akwai kunne. Shi ya sa na rubuta, direban motar kaya zai kawo miki. Kin san karatuna bai yi nisa ba, ki karanta da haƙuri.

Ke kika ce mu kai shi can. Kika ce in nemi Sista Mai Tabarau, tare kuka yi makaranta, tare kuka yi aiki a ɗakin nan kafin a tura ki nesa. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta karɓe mu hannu biyu. Ita ta jawo injin da kanta ta sa masa. Har tsokanarsa take yi, tana cewa, "Baba Mai Famfo, ka yi sauri ka warke, famfon banɗakinmu yana jiranka." Shi kuma ya ɗaga mata yatsa, don magana ta riga ta yi masa nauyi.

Ranar ƙarshe da hantsi aka shigo da wani matashi, an ce mai walda ne, yana jan numfashi kamar ana yanka katako da zarto. Matarsa na biye da goyo a baya tana kuka. Aka kwantar da shi a gadon kusa da Baba. Ba a jima ba Sista ta miƙo mini takarda, ta ce in je in sayo allura, babu ita a kantin asibiti sai can bakin babban titi. Na ce Yaya Babba zai zo anjima, sai ya sayo. Ta ce a'a, yanzu. Na tafi.

Da na dawo na tarar an ja labule. Baba ya jiƙe sharkaf da gumi, yana haki kamar wanda ya tashi daga aiki, yatsunsa baƙi-baƙi. Na jiƙa tsumma na goge masa. Ya dube ni ya motsa baki, ban ji abin da ya ce ba. Bayan la'asar ya cika. Mai waldar kuwa an ce har ya fara tashi zaune.

Allurar tana cikin ledar da aka ba ni, Yaya. Tare da hularsa, da takalminsa, da 'yan tsage-tsagen robar tayar nan da ba ya rabuwa da su a aljihu. Ba a ko fasa ta ba.

Na kasa riƙewa, na gaya wa Yaya Babba. Washegari ya kai ƙara. An dakatar da Sista daga aiki, an ce kwamiti zai zauna, kuma ni kaɗai ce shaida. In na ce da gangan ta fitar da ni don ta ɗebe wa Baba iska, aikinta ya ƙare ke nan. Ba na son in zalunci kowa, ba na kuma son a binne maganar Baba tare da shi.

Ki gaya mini abu biyu, ke da kika san aikin. Ana raba iskar mutum? In an raba, tana isarsa?

Ƙanwarki,
'Yar Baba

*

Ƙanwata,

Saƙonki ya same ni, ina fatan kin ɗan samu sauƙin zuciya. Yara lafiya lau, ƙafa kuma tana nan yadda kika san ta. Ki gaishe mini da Gwaggo, ki riƙa dama mata abu mai ruwa-ruwa tana kurɓa ko kaɗan ne, kada jininta ya faɗi.

Ban daina tuna Baba ba. Kakata da kakarki ne 'yan ɗaki ɗaya, amma shi bai taɓa lissafa nisan ba. Shi ya ɗauki akwatina a kai ranar da zan tafi makarantar jinya, yana cewa in je in koyo allura amma kada in zo in gwada a jikinsa.

A tsaye nake rubuta miki wannan, a kan teburin magunguna. Cikin mu da ke ɗakin nan wasu sun bar aiki, wata ta haihu, saura mu biyu muke karɓa-karɓa. Don haka ki yi mini uzuri in na gajarta.

Abin da kika gani ana yin sa. Ba abu ba ne da zan iya warware miki a layi biyu, kuma ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ce komai gaban kwamiti, kada ki bari Yaya Babba ya sa miki magana a baki, sai na yi magana da ita na sake rubuto miki.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri.

Yayarki

*

Yaya Nas,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da yara suna lafiya. Gwaggo ta fara kurɓa kamar yadda kika ce, ta ce a gode miki. Ni ciwon kai ne kawai, shi ma da sauƙi.

Na karanta takardarki har ta yi laushi a hannuna. Tambaya biyu na yi miki, kin amsa rabin ɗaya. Kin ce ana yin sa. Ba ki ce yana isa ba. Kin samu wurin rubuta maganar akwati, amma wannan ba ki samu wuri ba.

Sai kuma kika ce in yi shiru har sai kin yi magana da ita. Da ita, Yaya. Ni da mahaifina ya mutu a hannuna ga ni nan, ba ki tambaye ni komai ba. Me za ku tattauna da ba zan ji ba?

Yaya Babba ya ga takardar a kan tabarma, kin san shi, ya ɗauka ya karanta ba tare da ya tambaya ba. Ya ajiye ya yi 'yar dariya.

"Me kike tsammani?" ya ce. "Rigarsu ɗaya. Za su haɗa baki ne su zo su karanta miki."

Na ce, "Yaya Nas ba haka take ba."

Ya ce, "To me ya sa ba ta amsa miki ba?"

Shi ɗin ma ba wai na yarda da shi ba ne gaba ɗaya. Mutumin da in ya zo asibiti iyakarsa bakin ƙofa, ya toshe hanci da hankici ya ce yaya mai jiki, yanzu shi ya fi kowa sanin iska. Ina jin abin da ke cin sa daban ne, amma ba ni zan faɗa masa ba.

Akwai wata mai jinyar mijinta a gadon bango, mun saba da ita. Na haɗu da ita a kasuwa, ta ce ta ji matar mai walda tana ce wa Sista Anti, har tana riƙe mata hannu. Ta ce wa ya sani ko danginta ne. Baba tsoho ne, wancan yaro ne ɗanye. Ko Sista a ranta ta auna ta ga Baba ya riga ya ci nasa zamanin?

Kuma Sistar ta zo gidan nan. Da yamma, ba rigar aiki, ta tsaya a ƙofa ta yi sallama. Ta cire tabaranta tana gogewa da gefen mayafi, idonta jajur. Ta ce tana son magana da ni. Ina ɗaki ina leƙenta ta taga, na kasa fita. Yaya Babba ya ce mata maganar tana gaban kwamiti, ta koma inda ta fito. Abin da ya tsaya mini shi ne, gidanmu ba a bakin hanya yake ba, ko direba sai an yi masa kwatance. Wa ya kwatanta mata?

Ki amsa mini a fili. In ma abin da ba zan so ji ba ne, na fi son sa a kan wannan.

Ƙanwarki

*

Yaya Nas,

Ina fatan kuna lafiya, don ban san ko lafiya ba ce. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na ce ko ya manta ne a gaban mota, har ya buɗe mini akwatin gaban ya nuna mini. Na daure na kira wayarki, a kashe take. In fushi kika yi da maganata, ki faɗa. In kuma ita ce ta ce ki daina rubuto mini, shi ma ki faɗa.

Gwaggo ta ɗan miƙe, jiya har ta share tsakar gida. Ni ce dai ba na iya zama a kicin. Famfon can ya fara ɗiga. Dama ya tsage a wuya tun bara, Baba ya ɗaure shi da roba ya ce zai canza in ya samu sarari. Kin tuna ɗaurinsa? Ba ya ƙulli. Zai ja robar ya naɗe, a tsakiya ya murɗa ta sau ɗaya ya dawo baya, sannan ya tura wutsiyar a ƙarƙashi da farcen babban yatsa, ya gutsure abin da ya yi saura da haƙori, a karkace. Tun ina ƙarama in na ɗaure buhu ko igiyar shanya, sai ya tsaya ya kalla ya ce, "Wa ya koya miki ɗauri haka?" Ya kwance ya sake. Yanzu robar ta bushe ta fara sakewa. Na sa kwano a ƙasa, sautin kuma ya fi ɗigar hana ni sakat.

An aiko, kwamiti zai zauna farkon wata. Yaya Babba yana ta biya mini abin da zan faɗa kamar ɗalibar da za ta shiga jarrabawa. In ban ji daga gare ki ba, zan je in faɗi abin da na gani: ta fitar da ni, ta raba masa iska, ya mutu. Ba ni da abin da ya wuce wannan.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Gwaggo. Yara lafiya. Ni ce ba lafiya ba, shi ya sa kika ga rubutun nan kamar kaza ta bi ta kan takarda, da hagu nake yi.

Ban yi fushi ba, kuma ba wanda ya hana ni. Wani mutum ne mahaifinsa ya rasu a bencin jira kafin a samu gado. Na fito in gaya masa, ya hankaɗe ni, na faɗa kan keken magunguna. Wuyan hannuna na dama ya tsage, wayata ta tarwatse. Takardunki biyu tare suka iso mini ina gida hannu a rataye. Ban kai ƙararsa ba. Ba kirki ba ne, ƙarfin zirga-zirgar ne ba ni da shi. Amma da na karanta taki sai na riƙa ganin fuskarsa.

Kin ce in amsa a fili, to ga shi. In aka raba iska, kowa yana samun ƙasa da abin da zai samu shi kaɗai. Ba na ɓoye miki wannan. Ko Baba zai kai washegari da ba a raba ba, ban sani ba. Sista ma ba ta sani ba, likita ma in ya ce ya sani ƙarya yake. Huhun Baba ya riga ya gaji tun kafin ku kai shi, na ji a numfashinsa ranar da kika kara masa waya. Amma gajiya daban, ƙarewa daban, kuma ba ni da ikon in ce miki ga inda yake a tsakaninsu.

Injin ɗaya ne a ɗakin mazan nan tun ina can. Mun rubuta, mun roƙa, mun yi magana a taro har an fara kiran mu masu baki. In mutum biyu suna shiɗewa kina da inji ɗaya, ko ki raba, ko ki tsaya ki kalli ɗaya. Ba littafin da ya ce a yi haka, amma duk wadda ta daɗe a aikin nan ta yi. Ni ma ina yi. Ranar da na koma aiki zan sake yi, don nan ma ɗaya ne. In kin ga wannan ya sa ni cikin waɗanda kike zargi, ba zan yi musu ba.

E, na yi magana da ita. E, ni na kwatanta mata gida, na ga ya fi kyau ki ji daga bakinta, ashe na ƙara ɓata abin. Mai walda ba danginta ba ne. Maganar Anti kuwa, ni ma rabin garin nan Anti suke ce mini, har da waɗanda suka girme ni.

Ta ce ta tambayi Baba kafin ta raba. Ta ce ta nuna masa yaron, ta gaya masa abin da take son yi, ya gyaɗa kai. Ba na wurin. Ba zan rantse miki a kan abin da ban gani ba. Na san ta da daɗewa, ban taɓa kama ta da ƙarya ba, amma na ji a muryarta kamar akwai abin da ta rage. Na matsa, ta sauya magana.

Da na ce kada ki yi magana, ba don in rufa mata asiri ba ne. Tsoro na ji kada ki faɗi abin da Yaya Babba ya haddace miki, daga baya ya zo ya hana ki barci. Yanzu ba na ce ki yi shiru ba. Ki je. Ki dube ta a ido ki tambaye ta duk abin da kike so. Abin da kika gani ki faɗa, abin da ba ki gani ba ki ce ba ki gani ba.

Yayarki

*

Yaya Nas,

Sannu da jiki. Allah ya sawwaƙe, ya mayar da hannun yadda yake. Da na karanta na ji kunya ta rufe ni, ina nan ina ƙirga miki laifi kina can da hannu a rataye. Gwaggo ta ce ki daina ɗaukar tukunya da shi ko da an cire ɗaurin. Mu lafiya, sai Yaya Babba da ya daina yi mini magana. Zan gaya miki dalili.

An yi zaman. Wani ɗaki ne a sama mai dogon tebur, fanka tana juyawa tana ƙara. Akwai babban likita, da shugabar masu jinya, da wani mai rubutu. Sista Mai Tabarau tana can gefe ita kaɗai, ta rame har tabaran na zamo mata. Yaya Babba ya fara, ya yi ta yi har babban likita ya ce masa, "Malam, kai kana wurin?" Ya ce a'a. Aka ce to ya bari wadda take wurin ta yi.

Na faɗi nawa kamar yadda na rubuta miki. Da na zo kan maganar rabawa, na ce ni maganar gyaɗa kai ban yarda da ita ba. Mutumin da ba ya iya magana, kowa ma zai iya cewa ya gyaɗa kai.

Shugabar masu jinya ta ce bari a nuna mini yadda abin yake don in fahimta. Ta aika aka kawo 'yar gwafar nan a faranti, aka ajiye a gabana. Wata 'yar roba ce fara, ba ta kai tafin hannu ba. Ranar da na fara ganinta daga nesa na hango. Yau ga ta a gabana.

Reshe ɗaya ya tsage, Yaya. An naɗe shi da baƙar roba. Ba ƙulli. An murɗa a tsakiya an dawo baya, an tura wutsiyar a ƙarƙashi. Bakin a karkace yake, har da gurbin haƙori.

Ban san lokacin da na ɗauka ba. Na juya wajen Sista na ce, "Wa ya ɗaure wannan?"

Ta kawar da kai. Shugabar ta ce ana tambayarki.

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce da ta haɗa tiyon sai wurin tsagewar ya riƙa huci, iskar tana zubewa, ba ta kai wa kowa yadda ya kamata. Ta naɗa filasta ya ƙi kamawa, ta sake naɗawa. Sai ta ji ana buga ƙarfen gado. Baba ne. Ya nuna mata aljihun rigarsa da ke rataye, ta ciro robar, ya miƙo hannu. Ta ce ta so ta hana shi, ya ƙi sauke hannun. Ta riƙe masa abin a kan ƙirjinsa ya naɗe, yana yi yana hutawa.

Babban likita ya ce, "Kika bar mara lafiya a wannan hali ya yi aiki?"

Ta ce, "Na bar shi. Shi ya sa ban faɗa ba."

Na ce mata, "Bai ce komai ba?"

Ta ce ya faɗi wani abu, sai da ta kara kunne a bakinsa. Wai, "Wa ya koya miki ɗauri haka?"

Na kifa kai a kan teburin. Ba wanda ya hana ni. Ashe baƙin da na goge a yatsunsa na robar ne, da hannuna na goge ban sani ba.

Da na ɗago, Yaya Babba yana zungurina da gwiwar hannu. Na ciro allurar daga jakata, don na tafi da ita, na ajiye kusa da farantin. Na ce, "Wannan fa? Kin ce yanzu-yanzu."

Ta kalli allurar. Ta ce, "Ta yamma ce. Tana iya jira."

"To me ya sa kika aike ni?"

"Na san in kina nan ba za ki yarda ba."

Na ce, "Gaskiyarki. Ba zan yarda ba."

Mai rubutu ya tambaye ni, a taƙaice me nake son a rubuta, da gangan ta fitar da ni ko kuwa. Na ce da gangan ne, kun ji daga bakinta, kuma ba ta da ikon yi mini haka, mahaifina ne. Na ce wannan ɗaurin kuma na mahaifina ne, zan gane shi ko a cikin dubu, ba wanda ya kama hannunsa ya sa shi. Na ce ku rubuta duka biyun, kada ku bar ɗaya. Yaya Babba ya ce in ƙara da cewa ita ta kashe shi. Na ce wannan ban gani ba. Ya tashi ya fita, ya bar ni na hau motar haya ni kaɗai.

An mayar da ita aiki da gargaɗi, amma an ɗauke ta daga ɗakin maza an kai ta wajen masu zuwa su koma. Maganar inji na biyu an ce an ji, za a duba. Kafin in fito na roƙi a ba ni 'yar gwafar in tafi da ita gida. Shugabar ta ce in yi haƙuri, ita kaɗai ce, kuma an ciro ta ne daga gado ana jira a mayar.

Mutane suna ta ce mini Baba ya yi abin kirki, in yi farin ciki. Ni ban kai nan ba. Ko ya san abin da ɗaurin nan zai rage masa, ko kuwa kunnensa ne ba ya jure jin abu yana yoyo, ban sani ba. Kin san shi, ko a gidan mutane ya ji famfo na ɗiga sai ya tashi daga kan abinci. Wani lokaci ma haushinsa nake ji. Ya tambayi kowa? Ya tuna ina kan hanya da allura a hannu ina sauri?

Akwai kuma abin da ban daina tunani ba, gara in faɗa miki. Kin ce kin ji kamar ta rage wani abu. Ina tambayar kaina ko maganar allurar ta gaya miki, kika ga ba zan iya ɗauka ba. Kada ki amsa a takarda. In hannunki ya warke ki zo, ki faɗa mini ina kallon fuskarki.

Sista ta tare ni a matakala za ta yi magana, na ce ba yau ba. Mai walda ya warke, ya aiko matarsa ta tambaya ko zai iya zuwa ya gaishe mu. Na ce zan aika musu. Ban aika ba tukuna. Famfon kicin ma yana nan yana ɗiga, robar Baba tana cikin leda, na ɗauko na gwada ya ƙi kamawa, kuma ban kira kowa ya gyara ba.

Ƙanwarki,
'Yar Baba